Sunan 'Yar Fari

Djougou, Litinin, 9 ga Muharram

Zuwa ga 'yata Mairama,

Yau Litinin, kuma na tashi da sauƙi. Tarin ya lafa, sai dai gwiwoyin nan da ke sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu. Jiya a zaune na yi sallar la'asar. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da ƙananan yara. Yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Kin san waya ba ta da amfani a wurina tun da kunnuwana suka ajiye aiki. Na fi jin takarda. Mourtala direba ya yarda ya riƙa sauke miki wasiƙa a rumfar atamfarku ta kasuwar Arzèkè. In kin rubuta amsa, ki bar masa a can.

Mijinki ya zo ranar Alhamis kamar yadda ya saba, bayan ya gama lodin doya a Pélébina. Ya share mini tsakar gida da hannunsa, ya hau ya gyara kwanon da ke yoyo, ya yanke mini farce. Duk unguwar nan babu mai ɗa irinsa, wannan kowa ya sani. Amma da na tambaye shi jikin yarinya sai ya ce, "Da sauƙi, Baba." Na sake tambaya, ya ce, "Likita na ƙoƙari." Daga nan ya koma zancen hanyar da ruwa ya ɓata. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ke 'yar ƙanena ce tun kafin ki zama surukata, saboda haka kada ki ɓoye mini komai. Ni da marigayiya Azumi muka riƙe Kausar tun daga yaye har ta shekara bakwai. A kan tabarmar da nake zaune yanzu ta koyi Fatiha. Da Azumi tana raye, da ba a mayar muku da ita ba har yau.

Matan unguwa sun shigo suna cewa jifa ne, a ɗauke ta daga asibiti a kai ta wurin wani mai magani a ƙauye. Na ce musu wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma ya sanar da likitoci wani abu daga ciki. Ku ci gaba da asibiti. Ga rubutu nan a gora. Sai da na tafasa ruwan ya huce kafin na wanke allon, kamar yadda aka ce ma'aikatan asibiti sun yi sharaɗi.

Ki faɗa wa ɓarauniyar dabinona cewa tun da ta tafi, dabino yake kwana lafiya a gwangwani, kuma ban yi kewarta ko kaɗan ba.

Allah ya yi muku albarka.
Babanki,
Abdulƙudus


Parakou, 20 ga Yuli

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa da neman albarka. Takardarka ta iso, rubutun ma ya iso, ta sha. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Don Allah ka daina alwala da ruwan sanyi.

Ka ce kada in ɓoye maka komai, to ga shi. Ciwon daji ne a ƙodarta ta hagu. Shi ne ya kumbura mata ciki muke ta ba ta maganin tsutsa. Yanzu suna sa mata wani magani mai ƙarfi cikin ƙarin ruwa, suna ce masa shimiyo, don ƙarin da ke ƙodar ya motse kafin su yi tiyata su cire ƙodar. Likita ya ce mutum na rayuwa da ƙoda ɗaya, kuma yara da yawa sun tashi daga wannan ciwon. Ranar da aka sa maganin wuni take tana amai. Gashinta ya zube duka, har gira.

Amma Baba, da ka ga jikarka da ka yi alfahari. Ita ke miƙa hannu da kanta a sa allura. In ta kasa tashi, sai ta yi taimama a bango ta yi sallarta a kwance. Yaran ɗakin, Bariba da Fulani da 'yan kudu, duk ta haɗa su ta koya musu wasan dara da murfin kwalba, kuma cuta take yi musu ƙiri-ƙiri. Madam Sakinatu, mai kula da ɗakin, ta sa mata suna Shefu, wato shugaba. Da na karanta mata saƙonka ta ce, "A ce wa Mai Haƙori Biyu ya ajiye dabinon, da me zai tauna?"

Yanzu zan rubuta abin da bakina ba zai iya faɗa a gabanka ba. Ka gafarce ni.

Ka san ita ce 'yar farinmu. Ni ma da ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, kamar yadda muka taso muka ga iyayenmu na yi. Wata rana zazzaɓi ya rufe ta, idanunta suka juye. Na ce "ke," ba ta motsa ba. Na ce "yarinyar nan," shiru. Sai na ji bakina yana ta kiran Kausar, Kausar, a gaban maza da mata, har ta buɗe ido. Tun daga ranar na ajiye wannan kunyar, ban kuma koma na ɗauka ba.

Shi kuwa babanta yana nan a kan tasa kunyar. Wallahi Baba ba rashin kula ba ne. Duk abin da aka rubuta, kafin in juya ya sayo. Da aka nemi jini, nasa aka ɗiba, ya kuma ce kada a faɗa mata. Kullum yana zuwa daga gidanmu na Tourou da safe, ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin ɗakin. In ya shigo, sai ya bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya yana kiran 'ya'yan mutane da sunansu, yana shafa musu kai, yana ba su biskit. In ya iso gadonta sai ya kalli bango ya ce, "Ke, ya jiki?" Ya ajiye kwano ya fita. Wata ma'aikaciya 'yar kudu ta ja ni gefe ta ce, "C'est vraiment son père?" Wai anya shi ne ubanta na gaske?

Ita kuma Kausar a hannunku ta taso, inda ake kiranta sau ɗari a wuni. Ba ta san wannan ba. Shekaran jiya ta ce mini, "Inna, don kaina ya zama ƙwarya ne Baba ba ya kallona?" Na ce mata al'ada ce. Ta ce, "Ai yana kallon Ziyad." Ƙaninta ke nan. Yanzu da ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta lulluɓe kanta da mayafi ta juya wa ƙofa baya, ko da zafi ake. Abincin da ya kawo ba ta ci. Likita kuwa ya ce in ba ta yi ƙarfi ba, ba za su iya aikin ba.

Na yi masa magana. Ya ce, "Haka Baba ya rene ni, me na rasa?"

Ban san abin da nake roƙonka ba. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Mairama


Djougou, Talata, 17 ga Muharram

Zuwa ga 'yata Mairama,

Yau jikin ya ɗan yi nauyi, ban fita masallaci ba. Bayan gaisuwa, na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau. Zancen taimama a bango na kai wa liman, da duk wanda ya leƙo gaishe ni, har da mai sayar da gawayi. Jikata ce. Ni na yi mata huɗuba, ni na zaɓi sunan.

Abin da kika yi ranar zazzaɓi ba laifi ba ne. Amma kada ki ga baƙin mijinki. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, ke ma kin sani. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan da jakuna da goro sun riƙe ta don mutum ya koyi danne zuciyarsa a kan abin da ya fi so, ya kuma bar wa kakanni da 'yan uwa rabonsu a cikin yaro. Ba don ita ba, da ni da Azumi ba mu sami Kausar ba. 'Yar kudun nan ba za ta gane ba, ba kuma sai ta gane ba. Yarinya kawai za a fahimtar. Ki ba ta wannan ta karanta da kanta.

Ke ɓarauniya, Shefun marasa gashi. An ce kin zama irina. Madalla, yanzu sai mu riƙa aron hula. Saurara da kyau. Babanki shi ne ɗana na fari. Tun ranar da aka yanka masa rago ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "Babba." To je ki tambayi duk mutanen Djougou ko akwai wanda nake so kamarsa. Abin da aka fi so shi ake rufewa, kamar yadda kakarki take rufe tasoshinta masu kyau a ƙarƙashin gado. Babanki ba ƙyamarki yake ba. Ki ci abincinsa. In kika rame fiye da haka, iska za ta ɗauko ki ta kawo mini, ni kuwa ba na son baƙi.

Mairama, ina tsammanin wannan zai wadatar. Yarinya ce mai hankali.

Babanki,
Abdulƙudus


Parakou, 3 ga Agusta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da neman albarka. A gurguje nake rubutu, Mourtala yana jira.

An sa ranar tiyata, Alhamis mai zuwa da safe. Ƙarin ya motse, alhamdulillahi. Ta ɗan fara cin abinci don takardarka ta ba ta dariya, amma har yanzu tana lulluɓe kai in ya shigo.

Ya sa hannu a takardar likita. Da muka fito na ce, "Ranar Alhamis fa?" Ya ce zai tafi Pélébina kamar kullum, ya biya ya duba ka. Ya ce, "Zamana a bakin ƙofa ba zai ƙara wa likita basira ba. Rai na hannun Allah. Ke kina nan, yayarki na nan. Baba kuwa ba shi da kowa sai ni." Na san ba doya ce ke jansa ba. Tsoro yake ji kada idonsa ya kawo ruwa a gaban mutane a kan 'yar fari. Ta ji mu. Ga takardarta nan, ta hana ni gyara mata ko harafi ɗaya.

'Yarka,
Mairama

Kaka Mai Haƙori Biyu,

Ina gaishe ka. Hularka ta yi mini yawa kuma tana warin man zafi, ba na so.

Na karanta abin da ka ce. Ka ce in tambayi mutanen Djougou ko kana son Baba. To shi Baba ka taɓa tambayarsa ko ya sani? Ni ba tasa ba ce. Tasa ba ta jin tsoro a ƙarƙashin gado.

Madam Sakinatu ta ce za a sa ni barci, in an gama sai a riƙa kiran sunana har in farka. Na ce mata Baba ne zai kira. Ta ce to. Inna ta ce zai tafi wurinka. Kai kullum yana zuwa wurinka. Ka ara mini shi rana ɗaya. In ba shi ya kira ba, ni dai ba zan amsa ba, su yi ta kira.

Na kai Sabbi a hadda. Ina yi maka addu'a haƙorinka ya zama uku.

Kausar


Djougou, Litinin, farkon Safar

Zuwa ga ɗana Zakari,

Ka duba da kyau, ba kuskuren alƙalami ba ne. Zakari. Na rubuta, na ajiye alƙalamin na jira in ga ko rufin ɗaki zai faɗo. Bai faɗo ba. Na kuma faɗe shi da baki ni kaɗai a tsakar gida, kaji ne kawai suka juyo. Suna ne mai kyau, ni na zaɓe shi, ashe yana da daɗin faɗa.

Bayan gaisuwa, jikina da sauƙi, kuma ko da ba sauƙi ba zancen da ya sa na rubuto ke nan ba. Kullum Alhamis muna zama ni da kai a zaure, mu yi zancen doya da hanya da ruwan sama, ka tashi ka tafi. Abin da zan faɗa ba zai fito a wannan zaman ba, na san kaina, na san ka.

An ce ka ce haka na rene ka. Gaskiya ne, kuma ban yi nadama ba. Na rene ka a kan abin da na gada, ka fito mutum. Ka riƙe ni a tsufana yadda ko sarki ba a riƙe shi ba. Na ji labarin jinin da ka bayar ka ce a ɓoye. Da na karanta wannan na ce, wannan nawa ne. Kana ɗan shekara biyar ka yi ƙyanda har aka fid da rai. A bayan katanga na wuni ina sauraron numfashinka, ban shiga ba. Ka warke, ba ka taɓa tambayar inda nake ba. Ni na yi sa'a. Kai ba ka yi irin wannan sa'ar ba, domin taka 'yar ta tambaya, kuma tambayar ta hana ta cin abinci.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani irin namu na manya. Ta kayar da ni da layi biyu. Ni da na yi shekaru ina rubuta wa mutane takardu a bakin gidan waya, 'yar shekara tara ta fi ni iya rubuta takarda. Ina faɗa maka ne da alfahari.

Ka san karatu, ba sai na tuna maka ba. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi mu kunya nesa ba kusa ba. Amma yana miƙewa in 'yarsa ta shigo, yana kiranta da sunanta, kuma idonsa ya zub da hawaye a kan ɗansa a gaban sahabbai. Abin da muke yi wa ɗan fari namu ne, na kakanni. Yana da kyau a ranar suna da ranar biki da cikin kasuwa. Ba a yi shi don ƙofar ɗakin tiyata ba. Ka ce rai na hannun Allah. Haka ne. To in ya ga dama ya karɓi abinsa ranar Alhamis, kana so ta tafi tana zaton kanta ne ya kore ka? In kuma ya bar mana ita, kamar yadda nake roƙo dare da rana, wa zai tashe ta? Ta rantse ba za ta amsa wa kowa ba, kuma ka san taurin kan gidanmu.

Ka ce ba ni da kowa sai kai. To ni ne nake ba da aronka. Wannan ba shawara ba ce, umurni ne na uba. Ranar Alhamis kada in ga ƙafarka a Djougou. Doya ba ta ruɓewa a kwana ɗaya. Ka je tun da safe, kafin a tura gadon. Ka ɗage mayafin nan da hannunka, ka ɗora tafinka a kan ƙwaryar, ka dube ta ido cikin ido. In an fito da ita, ka sunkuya ka kira. In muryarka ta karye, ta karye. Duk wanda ya yi maka dariya ka turo mini shi.

Ban san ko za ka ji maganata ba. Ba ka taɓa saɓa mini ba, amma ban taɓa umurtarka da abu mai nauyin wannan ba.

Allah ya yi maka albarka, Zakari.
Mahaifinka,
Abdulƙudus


Djougou, Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Kausar,

Ban san ko kin farka ba. Mourtala sai gobe zai taso daga Parakou, saboda haka yau babu mai kawo mini labari. Ina rubutawa ne don ki karanta in kin tashi, kuma za ki tashi da yardar Allah.

Jikina yau babu daɗi, ƙirjin ya riƙe. Tun asuba nake kan buzu da carbi. Da hantsi na lallaɓa na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗora ruwan shayi, na fito da kofi biyu. Kada ki tambaye ni dalili, hannun tsoho ba ya jin magana. Duk motar da ta shigo layinmu sai na ɗaga kai.

Da azahar wani manomi daga Pélébina ya yi sallama. Ya ce sun tara doya tun safe a bakin hanya, mota ba ta zo ba, wayar mai ita a kashe, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce masa, "Zakari yana wurin 'yarsa." Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Na ba shi shayin ya sha.

Tsakar gida tana nan da ganye, ba a share ba. Rana ta sauka bayan masallaci. Na naɗe tabarmar.

Baƙona bai zo ba. Alhamdulillahi.

Kakanki,
Abdulƙudus